Ta'aziyyar Inna Saude

Ja'afar ɗan wani ƙauye ne da ke bayan Doguwa, can cikin duwatsu, inda in mutum yana son buga waya sai ya hau tudun bayan masallaci. Karatu ne ya sauko da shi Tudun Wada. Ya samu gurbi a wata cibiya da ake karatun malanta daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, ya iso garin da jaka ɗaya da katifa a naɗe, bai san kowa ba.

Karatu kuwa ba ya ciyar da mai yin sa, don haka tun bai gama sanin lungunan garin ba ya rataya wa kansa ayyuka. Da safe yana koyar da 'yan aji uku a wata firamare mai zaman kanta. Ana tashi, ko alli bai gama karkaɗewa daga hannunsa ba, zai wuce injin casar shinkafa na Alhaji Ɗanasabe, ya tuɓe rigar malanta ya rataye a ƙusa, ya kama ɗura shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a bakin inji da ɗinke buhuna har rana ta yi ja. Bayan magariba kuma akwai 'ya'yan wani ma'aikacin lafiya da yake bitar darasi da su. Nasa littafin sai abin da ya rage na ido, kuma sau da yawa ba abin da ke ragewa.

Abin da ke cin ransa ba aikin ba ne. Tun yana yaro yake noman masara a kan gangare, ya san wahala. Abin da ke cin ransa shi ne kowa ya ɗauka shi kaɗai ne ke da Ja'afar. Shugabar makaranta ta tsayar da shi taron malamai daidai lokacin da ake jiransa a inji. Alhaji ya kalli agogo ya kalle shi, ya ce, "Malam an iso? Sannu da ƙoƙari." Malamin lakca ya ba su aikin da zai ci mutum mako, ya ce ranar Asabar yake so, wanda bai shirya karatu ba ya koma gona. Ja'afar ya kan ce to, ya ce a yi haƙuri, ya ce insha Allah. Haƙurin nan da yake bayarwa kullum, shi ne ya taru masa a ƙirji kamar dutse.

Abu ɗaya ne nasa a garin, shi ne ƙwallo. Ran nan da yammacin Lahadi ya tsaya kallon samarin unguwa suna atisaye, golansu bai zo ba, sai wani dogon saurayi mai baki ya kira shi.

"Kai baƙo, ka iya tsaron raga?"

Ya iya. A ranar ba wanda ya ci shi. Dogon nan shi ne Sagir, tela ne a bakin kasuwa, kuma shi ne kyaftin. Daga nan suka shaƙu. Sagir ne ya samo masa ɗaki mai sauƙin haya, shi ya nuna masa inda ake sayar da shinkafa da wake mai auki, shi ya riƙa jan sa ɗaurin aure da suna har mutanen unguwa suka daina ce masa baƙo. Sai dai Sagir mutum ne da bai yarda akwai abin da baki ba zai gyara ba. In Ja'afar ya ce ba shi da lokaci, sai ya yi dariya ya ce, "Lokaci ai nema ake yi, abokina."

Da kaka ta yi, aka sa gasar kofi tsakanin matasan yankin. Ƙungiyarsu ta yi ta tsallakawa, saboda wasannin duk ranar Lahadi ake yi, har suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Shi kuwa wannan wasan aka sa shi ranar Alhamis da la'asar, a Kiru.

Ja'afar ya jira sai da Alhaji ya idar da sallar azahar, ya durƙusa gefen tabarmarsa ya roƙi a ba shi yammacin Alhamis.

"Me za ka yi?"

Ya yi niyyar ya ce wani uzuri ne, sai ya ga ba zai iya ƙarya ba. "Wasa ne da mu, Alhaji."

"Wasa." Alhaji ya nuna buhunan shanshera da aka jibge har sun kusa taɓa kwano. "Ka ga wannan? Dukiyar mutane ce. Juma'a na bar maka, Asabar na bar maka, Lahadi na bar maka, saboda ka ce karatu. Yanzu kuma in bar maka Alhamis saboda ka je ka yi birgima a ƙasa? Tashi ka ba ni wuri."

Da yamma ya biya shagon Sagir ya gaya masa su nemi wani gola. Sagir ya dakatar da keken ɗinki, ya dube shi kamar wanda ya zage shi.

"Wa za mu sa? Ismail? Ismail da ko tulu aka jefo masa sai ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa?"

"Na roƙa, an hana ni. Me kake so in yi?"

"Bar ni da Alhajin. Ni na san yadda ake magana da manya."

"Sagir, kar ka je."

"Na ji."

Ranar Alhamis ana tashi daga makaranta, sai ga Sagir a bakin ƙofa a kan babur, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Ya ce an gama magana, Alhaji ya ce ya je, har ma ya ce kar ya damu da dawowa sai ya natsu. Ja'afar ya tsaya yana kallonsa. Ya tambaye shi me ya ce wa Alhaji. Sagir ya ce shi dai ya hau, mota na jira, labari sai a hanya. A hanya kuwa ana ta waƙa da buga jikin mota, ba a koma kan zancen ba. Gaskiya ita ce Ja'afar bai so ya matsa ba. Rabonsa da ya ga la'asar a waje ranar aiki har ya manta.

Sagir ya tattara wayoyin 'yan wasa ya zuba a jakarsa kamar yadda ya saba. Aka buga wasa mai zafi, aka tashi ba ci, aka je bugun fenareti. Ja'afar ya tare biyu. Aka ɗaga shi sama, mutanen da bai taɓa gani ba suna kiran sunansa. A kan hanyar dawowa ya jingina kansa da taga, iska na dukan fuskarsa, ya ji kamar an sauke masa buhu daga wuya. Da aka miƙo masa wayarsa ya tarar ta mutu. Unguwarsu ba wuta, sai ya bar ta a shagon caji ya ce zai karɓa gobe.

Washegari Juma'a ya koyar da yaransa har aka tashi. Yana da jarrabawa bayan an sauko daga masallaci, darasin da ya fi ba shi wuya, kuma ya sha wahalar shirya mata. Ya biya ya karɓi wayar, ya kunna yana tafiya. Ko aljihu bai kai ta ba ta fara ruri. Ƙanwarsa ce Rufaida.

"Yaya? Yaya Jafaru, kai ne?" Kuka take, muryarta ta dishe. "Kana da rai? Don Allah ka yi magana!"

"Ke lafiya? Ni ne mana. Me ya faru?"

"Inna ce. Inna ta faɗi. Muna asibitin Doguwa."

Da ƙyar ya tsinci labarin a cikin kukanta. Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidansu, dattijo ya fito da mutane a bayansa, suka yi sallama suka ce daga Tudun Wada suke, daga wajen aikin Ja'afar. Inna Saude tana tsakar gida tana ɓarzar masara, ta yafa mayafi ta leƙo zaure. Dattijon ya ɗaga hannu ya fara addu'a, ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai, Allah ya sa an huta. Inna ta dubi baƙi daga wajen aikin ɗanta, ta duba ba ɗanta a cikinsu. Ta ce, "Jafaru?" Sai ta zube. Rufaida ta hau tudu ta yi ta kiran wayarsa, a kashe.

"Su wai cewa aka yi Inna ce ta rasu," in ji Rufaida. "Wani abokinka ne ya je ya gaya musu jiya. Yaya, wane ne wannan? Me muka yi masa?"

Ja'afar ya tsaya cak a tsakiyar titi, har wani ɗan acaɓa ya zage shi. Bai ji ba. Kunnuwansa sun toshe. Ƙofar cibiyar karatun tana gabansa, 'yan ajinsu suna zaune a gindin bishiya suna bita. Ya juya ya nufi tasha.

Motar ta ƙi cika. Da ta cika kuma direban ya tsaya shan mai, ya tsaya ɗaukar buhunan taki, ya tsaya gaisawa da wani. Ja'afar ya daka masa tsawa har fasinjoji suka juyo, wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ka yi salati." Ya yi, amma bai huce ba. Duk tsawon dajin Falgore fuskar Sagir yake gani a kan babur, tana murmushi. Yana tsara abin da zai yi masa, yana rushewa, yana sake tsarawa.

A harabar asibitin ya tarar da Alhaji Ɗanasabe zaune a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ma'aikatan inji na tsaye nesa da shi. Alhaji mutum ne mai tsanani, amma bai yarda da wasa da zumunci ba. Da ya ji rasuwar, ya kira wayar Ja'afar bai samu ba, ya ce ai garin nasu ba sabis. Ya rufe inji a tsakiyar kaka, ya ɗauki mota, ya zo da buhun shinkafa na sadaka. Shi ne kuma ya ɗauko Inna zuwa asibiti. Ja'afar ya durƙusa zai gaishe shi, ya ɗaga masa hannu.

"Shiga ka ga uwarka tukuna."

Tana kwance an sa mata ƙarin ruwa, Rufaida na yi mata fifita. An ce jininta ne ya hau, amma an samu ya sauka. Da ta gan shi ta yunƙura, ya yi sauri ya riƙe ta. Ta kama hannunsa tana matsawa, ta shafa kansa, ta shafa kafaɗarsa, kamar tana duba ko duk jikin yana nan. Ba ta yi kuka ba. Shi ne ya yi.

Da ta ɗan natsu ta ce, "Wai me ya haɗa ni da mutuwa a bakin abokinka?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, wasan ƙwallo ne aka hana ni zuwa. Shi ne ya je ya yi ƙarya ban sani ba."

"Ƙwallo." Ta daɗe tana kallon silin. "Ni ina nan ina gaya wa mutane kana can kana wahala."

Ba ta ɗaga murya ba, amma da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya buɗe baki zai ce mata wahalar yake yi, ya ce mata rabonsa da barcin kirki tun bara, ya ce wannan yammaci ɗaya ne tak a cikin shekara. Ya dubi allurar da ke hannunta, ya haɗiye.

Da ya fito, Alhaji ya mayar da hularsa ya miƙe.

"Alhaji, wallahi ban san abin da ya gaya muku ba."

"Ka buga wasan ko ba ka buga ba?"

"Na buga."

"Na hana ka da bakina. Washegari wani ya zo ya ce na yarda, ba ka tambayi dalili ba, ba ka leƙo ka ji daga gare ni ba. Yanzu kana so in yarda ba ka sani ba." Ya nuna gemunsa. "Da furfurata na shiga gidan mutane na yi wa mace ta'aziyyar kanta. Na kusa kashe baiwar Allah. Da ta mutu fa? Wa za a ce ya kashe ta?"

Ja'afar ya san ya kamata ya yi shiru. Bakinsa ya ƙi.

"Alhaji, shekara guda ina muku aiki, ban taɓa fashi ba, ko da zazzaɓi nake zuwa. Awa uku na roƙa. Da kun ba ni, da duk wannan bai faru ba."

Ma'aikatan suka dubi juna. Alhaji ya ƙura masa ido.

"Au, laifina ne ke nan?"

"Ban ce ba."

"Ka ce. To ka ji, na ba ka Alhamis, na ba ka Litinin da Talata da Laraba. Duk ka riƙe. Kar in sake ganin ƙafarka a injina."

Ya shiga mota, mutanensa suka bi shi. Buhun shinkafar dai ya bar shi, ya ce a ba marar lafiya.

Ja'afar ya kwana biyu a Doguwa har aka sallami Inna. Kawunsa Bala ya zo dubiya, ya zaunar da shi ya ce in karatun ya gagara ya dawo gida, gona ba ta ƙi shi ba. Matan maƙwabta suna shigowa suna fita, kowace sai ta kalle shi ta gefen ido. Labari ya riga ya zaga ƙauye, kuma a yadda ya zaga, shi ne ya kashe uwarsa da baki don ya je ƙwallo. Bai musa wa kowa ba. Ya tara komai ya riƙe wa mutum ɗaya.

Ranar Lahadi da yamma ya sauka a tashar Tudun Wada, bai biya ɗakinsa ba, ya zarce bakin kasuwa. Shagon Sagir cike yake da 'yan ƙungiya, ana gwada sababbin rigunan da za a sa a wasan ƙarshe. Suna ganinsa hira ta mutu. Sagir ya taso da murmushin da bai kai ido ba.

"Abokina, na yi ta kiranka ba ka ɗauka. Ya jikin Inna? Wallahi ni..."

Ja'afar ya shaƙo wuyan rigarsa ya haɗa shi da bango. Almakashi da zare suka watse a ƙasa.

"Kar ka sake kiran sunanta. Me ka ce wa Alhaji? Faɗa a gabansu!"

"Sake ni mu yi magana."

"Faɗa!"

"Cewa na yi ba ta da lafiya!" Sagir yana haki. "Ya ce kowa ma uwarsa ba ta da lafiya, a bari sai Juma'a. Sai kawai na ji bakina ya ce ta rasu. Ina na san zai kwashi mutane ya tafi har can? Wa yake yin haka?"

"Mutumin kirki yake yin haka! Kai da ba ka san darajar uwa ba, me ya hana ka kashe taka?"

Aka yi ca a kansu, aka ɓamɓare hannunsa da ƙyar. Sagir ya gyara riga, idonsa ya yi ja, shi ma ransa ya ɓaci.

"To na yi laifi, na yarda. Amma don wa na yi? Kai kullum kana yawo kamar jakin da aka yi wa lodi, ba ka dariya, ba ka zama da mutane. Bikin ƙanwata ka zo? Da mahaifina ya kwanta asibiti ka leƙo? Kullum ba lokaci, ba lokaci. Ran Alhamis na ga haƙoranka a waje, ko ka manta? Ka ji daɗi ko ba ka ji ba?"

"Don ni ka yi? Don kofi ka yi! Gola kake nema, ba aboki ba. Aikina ya tafi. Jarrabawata ta wuce. Uwata ta kwana da allura a hannu, garinmu kowa na nuna ni da baki. Kai me ka rasa? Gaya min abu ɗaya da ka rasa!"

Sagir ya sunkuya yana tsince zaren da ya watse. Wani daga cikin 'yan wasan, don rashin sanin lokacin magana, ya ce, "To yanzu wasan ƙarshen fa?" Ja'afar ya juya ya dube shi har yaron ya ja da baya. Ya ɗauki rigar gola da aka ɗinka masa, sabuwa fil, ya jefa wa Ismail, ya fita.

Abubuwa suka bi hanyar da ya zata. Malamin da ya ba da jarrabawar ya saurare shi a tsaye, ya ce ya tausaya masa, amma ba a sake wa mutum ɗaya jarrabawa, sai dai ya maimaita darasin baɗi. A makarantar da yake koyarwa shugabar ta kira shi ofis ta tambaye shi ko gaskiya ne abin da ake faɗa, ta ce iyaye ba sa son malamin da ake zance a kansa. Bai rasa wannan aikin ba, amma sai da ya ba da haƙuri a kan laifin da bai yi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai. An buga wasan ƙarshe ba shi, aka zura musu uku. Da labari ya iso masa bai ji daɗi ba, bai kuma ji tausayi ba.

Sagir ya je wurin Alhaji da ƙafarsa ya faɗi gaskiya. Alhaji ya wanke shi tas a gaban masu kawo shanshera, sannan ya aiko a gaya wa Ja'afar ya yarda bai sani ba, amma an riga an ɗauki wani, kuma maganar da ya mayar masa a asibiti ba ta bar kunnensa ba. Ja'afar ya ce wa ɗan aiken ya gode. Ya samu aiki a wani gidan bulo da ke hanyar Kwanar Dangora, yana ɗora bulo a mota da yamma. Aikin ya fi na inji nauyi, kuma ya fi nisa.

Ana nan wata Asabar yana fitowa daga lakca, Rufaida ta kira shi, ta ce ga Inna. Muryarta ta dawo kamar da.

"Jafaru, abokin nan naka ya zo."

Ya tsaya. "Wane aboki?"

"Telan mana. Da safe ya iso a kan babur, duk ya yi buɗu-buɗu. Ya durƙusa a zaure ya ƙi tashi, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Har atamfa ya ɗinko min."

"Inna, kin karɓa?"

"Na karɓa mana. Na sa Rufaida ta zubo masa tuwo, ya ci. Yaro ne mai baki, ya ba mu dariya."

Ja'afar ya ji jini ya taso masa har ka. Ya matsa gefen bango don kar 'yan ajinsu su ji.

"Dariya? Inna, mutumin nan ya kusa kai ki kabari. Ya raba ni da aikina, ya ja min asarar shekara, kuma ya je ya ci tuwo a gidanmu?"

"Kai, rage murya, ni ce fa. Ni aka kashe, ni kuma na ce na yafe. Kai mene ne naka?"

"Ke kika yafe, Inna. Ni ba a tambaye ni ba. Ba wanda yake tambayata komai. Shi ya yanke min zuwa wasa, Alhaji ya yanke min laifi, ke kin yanke min yafiya."

Ƙarar iskar kan tudu ta shigo cikin wayar. Bai taɓa yi mata magana haka ba. Ya so ya janye, ya kasa.

"To," in ji ta a hankali. "Ban ce dole ba. Riƙe abinka har ka gaji. Amma ka ci abinci yau?"

"Ban ci ba."

"Je ka ci. In an yi hutu ka zo gida ka kwana biyu ka yi barci, ba wanda zai tashe ka."

Ya ce to. Da ya kashe wayar ya daɗe a tsaye yana huci. Hanyar mai abinci ta gaban shagon Sagir ta bi, kuma tun da abin ya faru zagaye yake yi ta bayan kasuwa. Yau ya ga ba dalilin da zai sa ya ƙara wa kansa tafiya saboda wani. Ya miƙe ta gaban shagon.

Sagir yana kan keke, ya ɗago ya gan shi, ƙafarsa ta tsaya.

"Salamu alaikum, Ja'afar."

"Wa alaikumus salam."

"Ka ɗan zauna mana."

"Ina da aiki," in ji Ja'afar, ya wuce.